RUWAN SAMA DA TSUNTSAYEN DAJI: ABIN DA MANOMI DA MAHARBI YA KAMATA SU SANI

 

Yau za mu yi zance a kan zabin daji da fakara da tuje da kurciya da agwagin tabki. A yawon da nake yi cikin ƙauyuka, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle har Sakabal, dattawa da samari sun sha yi mini tambaya guda: me ya sa wata shekara daji ke cika da zabi, wata shekara kuwa mutum ya wuni da karensa ya komo hannu banza? Waɗansu sun ce maharba ne suka yi yawa. Waɗansu sun ce tsuntsayen ƙaura suke yi. Akwai gaskiya cikin maganganun nan biyu. Amma babban dalili shi ne ruwan sama. Tsuntsun da kuka gani da rani, amfanin damanar da ta wuce ne, kamar yadda hatsin da ke cikin rumbunku yake amfaninta. Wanda ya gane haka zai san shekarar da za a ɗiba da yawa, da shekarar da ya kamata a ɗaga ƙafa.

DAMANAR ƘASARMU

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta ruwa ta zuba a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. A ƙasar Dakoro, yawancin shekaru ana samun tsakanin milimita 300 da 400. Kudu, wajen Maradi, ruwan ya fi haka. Arewa da kwarin Tarka, wajen Bermo, bai kai haka ba. Dalili ke nan da ya sa dokar shekarar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta don kiwo, ko da yake gonaki sun haye iyakar a wurare da yawa.

Ruwan nan duka cikin wata uku ko huɗu yake sauka, daga Yuni ko Yuli zuwa Satumba, kuma Agusta ya fi kowane wata ruwa. Sauran wata takwas, babu ko ɗigo. Saboda haka tsuntsun daji yana da ɗan gajeren lokaci ƙwarai na yin sheƙa, ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, ya rena ƴaƴansa. In wannan lokaci ya kuɓuce masa, sai baɗi.

Kun san wannan a gidajenku. Zabuwar gida ba ta yin ƙwai sosai sai damana ta kama. Shi ya sa ƙwan zabi ke cika kasuwa a watan Yuli da Agusta, da rani kuwa ya yi wuya. Ƴar'uwarta ta daji haka take, sai dai ita babu mai watsa mata tsaba.

ABU HUƊU DA RUWA KE BA TSUNTSU

Na ɗaya, ƙwari. In ruwan shibka ya sauka, shinge na fitowa, ƙwan fara da ya kwana cikin ƙasa tun bara yana fashewa, tsutsa da gara da tururuwa su yawaita. Zabuwa na bukatar wannan abinci kafin jikinta ya iya yin ƙwai. Ƴan tsakinta sun fi ta bukata: a makonnin farko na rayuwarsu, da ƙananan ƙwari suke girma. Ɗan tsakon da bai sami ƙwari ba, ba ya yin gashi da wuri, sai ya rame ya mutu.

Na biyu, maɓoya. Zabuwa da fakara da tuje a ƙasa suke yin ƙwai, cikin ciyawa ko gindin sabara, ko geza, ko kalgo. In ciyawa ta yi tsawo, sheƙa ta ɓoyu. In fili ya zama fayau, dila da yanyawa da tunku da guza da hankaka duk suna ganinta, haka nan yaro mai kiwon awaki.

Na uku, ƙwayar ciyawa. Guɗe-guɗe, komayya, harkiya, garaji da sauransu suna zubar da ƙwaya a ƙasa in sun nuna. Wannan shi ne rumbun tsuntsu. Da shi, da abin da ya zube a gona bayan girbi, zai ci har wata damanar. In ruwa ya ɗauke kafin ciyawa ta nuna, rumbun nan babu kome cikinsa.

Na huɗu, ruwan sha. Kurciya da hasbiya sai sun sha ruwa kowace rana. Zabi ma ba su son yin nisa da ruwa. Agwagi kuwa rayuwarsu duka a tabki take. In tabkuna irin na Akadane sun cika sun daɗe, tsuntsaye su zauna. In sun ƙafe da wuri, su tashi ko su mutu.

YADDA RUWA YA RABU YA FI YAWANSA MUHIMMANCI

Kowane manomi ya sani, milimita 350 da suka sauka sannu-sannu kowane mako sun fi milimita 450 da suka zuba cikin dare uku. Ga tsuntsu ma haka ne. Bari mu duba damana iri huɗu.

Damana mai kyau. Ruwa ya fara a kan lokaci, ya ci gaba ba tare da dogon tsaiko ba, ya kai ƙarshen Satumba. Zabuwar daji takan yi ƙwai 6 zuwa 12, wani lokaci fiye. Tana kwanci kwana 26 zuwa 28. In ta fara ƙwai a farkon Yuli, ƴaƴanta za su fito wajen tsakiyar Agusta, lokacin da ƙwari da ciyawa suka fi yawa. In wani abu ya cinye ƙwan farko, tana da sauran lokacin sake yin wasu. Kafin ɗari ya kama sosai, ƴaƴan sun yi ƙarfi sun shiga garke.

Damanar da ta makara. In ruwan shibka bai zo ba sai ƙarshen Yuli, kome zai ja baya. Ƴan tsaki su fito ƙarshen Satumba, ciyawa ta fara bushewa, ƙwari na raguwa. Waɗanda suka rayu za su kai watan Disamba ba su gama girma ba. Wanda ya shiga daji da karnuka da wuri a irin wannan shekara, ƙanana zai kashe, waɗanda namansu bai cika tafin hannu ba.

Damana mai tsaiko. Wannan ita ce mugunyar. Ruwa ya sauka, an yi shibka, tsuntsaye sun yi ƙwai, sai sama ta ɗauke kwana ashirin ko fi. Shibka ta ƙone, ku sake wata. Ƴan tsakin da suka fito cikin tsaikon nan ba su samun ƙwari, yawancinsu su mutu. Ku kuna da iri a ajiye na sake shibka. Zabuwa sai ta sake tara ƙarfi, kuma sau da yawa lokaci ya ƙure mata.

Damana mai ambaliya. Ruwa mai yawa ma yana ɓarna. Sheƙar da ke cikin fadama ko kwari, ruwa na cinye ta. Ɗan tsakon zabo kuma ba ya jure jiƙewa. Matan da ke kiwon zabi sun sani: in aka bar ƴan tsaki suka shiga raɓa da sassafe, ko ruwa ya doke su, sanyi na kashe su. A shekarar 2024 an yi ruwa mai yawan gaske a Nijar, jihar Maradi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Irin wannan shekara agwagin tabki ke jin daɗinta, amma masu sheƙa a ƙasa suna hasarar ƙwai da ƴaƴa, sai waɗanda suka yi a kan tudu.

Akwai kuma wani haɗari da ke bin damana mai albarka, wato gobarar daji. Ciyawa mai yawa in ta bushe, makamashi ce. Daga Oktoba, guntun taba ko wutar shayi da ba a kashe ba tana iya cinye daji mai faɗi cikin wuni guda, ta ƙone abincin dabbobi da ƙwayar ciyawa da maɓoyar tsuntsaye gaba ɗaya.

KOWANE TSUNTSU DA HALINSA

Zabo mai yawan haihuwa ne. In fari ya rage shi, damana biyu ko uku masu kyau na iya mayar da shi, muddin an bar iyaye.

Fakara, wadda waɗansu ke kira makwarwa, ƙwanta bai kai na zabuwa yawa ba, kuma ta fi yin sa wajen ƙarshen damana har cikin kaka. Shi ya sa kuke tarar da ƙananan ƴaƴanta a gona lokacin girbi. Ruwan Satumba ne ke yi mata amfani. Wanda ya kama fakara lokacin yankan hatsi, wataƙila uwa ce ya raba da ƴaƴanta.

Kurciya ƙwai biyu take yi, amma takan yi sau da yawa a shekara in abinci ya wadata.

Tuje shi ne abin tausayi. Ƙwai ɗaya ko biyu yake yi a shekara, kuma yana daɗewa bai isa haihuwa ba. Kashe tuje guda ya fi kashe zabi goma ɓarna. Ga shi kuma abokin manomi ne, don babban abincinsa da damana fara ce. Tsofaffi sun san lokacin da ake ganinsa kusa da gonaki. Yau sai mutum ya nausa arewa, ya kuma yi sa'a.

BAƘIN DA KE ZUWA DAGA TURAI

Da kaka, in tabkuna sun cika, za ku ga waɗansu ƙananan agwagi da kurciyoyi da salwa waɗanda ba ku gani da damana ba. Daga Turai suke. Suna ƙetare teku da hamada, su yi ɗari a ƙasashen Sahel, su koma da bazara su yi ƙwai can. Ruwanmu ne ke riƙe su.

Ga misali. A shekarar 1968 ruwa ya yi ƙaranci a Sahel. Da bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke yin ɗari a ƙasashenmu, ya ragu da fiye da rabi. Da aka bi sawu, aka gane farin Sahel ne ya kashe shi. Kun ga ke nan damanar Dakoro tana da labari har bayan teku.

DARASIN SHEKARUN FARI

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, balle na 1984, wanda yunwarsa ta sami suna El-Buhari. Dabbobi sun mutu, itatuwa sun bushe, gamba ta ɓace a wurare da yawa. Namun daji sun sha wuya biyu a lokaci guda: ga rashin abinci, ga mutane da yunwa ta kora daji neman abin sawa a baki.

Gandun dajin Gadabeji, wanda ke arewa da mu cikin gundumar Bermo, an kafa shi a 1955, faɗinsa hekta 76.000. A dā akwai mariri da jimina da raƙumin dawa a cikinsa. Fari da farauta suka haɗu suka ƙare su. A 2017 hukumar UNESCO ta sa Gadabeji cikin jerin wuraren da duniya ke kula da su. A 2018 sai da aka ɗauko raƙuman dawa 8 a mota tun daga Kure, kusa da Yamai, aka kawo su don a sake iri. Jimina kuwa, sai da aka koma kiwonta cikin shinge a Kelle, ƙasar Gure, don a mayar da ita daji. Ku dubi wahala da kuɗin da ake kashewa wajen mayar da abin da dā yake yawo kyauta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami jimina yana iya samun tuje.

LOKACIN FARAUTA

Kakanninmu ba su shiga daji kowane lokaci. A ƙasar Gobir da Maradi da Konni akwai al'adar buɗin daji. Sai bayan an kai amfani gida, cikin rani, manya su buɗe daji, sa'an nan maharba su shiga. Da damana daji a rufe yake. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan al'adun da ke tare da bikin, hikimar da ke ciki a fili take: an bar dabba da tsuntsu su haihu, ƴaƴansu su girma.

Hukuma ma a kan wannan hanya take. Cikin farin shekarun 1970 an rufe farauta a Nijar baki ɗaya, ta kuma daɗe a rufe shekaru masu yawa. Daga baya aka yi doka mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai takardar izini, akwai dabbobi da tsuntsayen da aka hana taɓawa sam. An hana farauta da wuta, da guba, da fitila cikin dare, da bin dabba da mota. Cikin Gadabeji ba a farauta ko da wane lokaci. Kafin ku ɗauki bindiga, ku je wurin ma'aikatan gandun daji na gundumarku, su faɗa muku ranakun bana da abin da aka yarda a harba.

A waɗansu ƙasashe ruwan shekara ne ke yanke tsawon lokacin farauta. A Amurka da Kanada, tun 1955, kusan kowane watan Mayu ana tashi da ƙananan jiragen sama a ƙidaya tabkuna da agwagi a inda suke haihuwa. Tun 1995, da wannan ƙidaya Amurka ke tsayar da yawan kwanakin farautar agwagi da yawan da mutum zai harba a rana. A jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya an soke farautar agwagi a 2007 da 2008 saboda fari. A 2021 Faransa da Spaniya da Portugal suka dakatar da harbin kurciyar nan mai zuwa Sahel, don ta ragu ƙwarai. Cikin ƴan shekaru ƙidaya ta nuna ta fara ƙaruwa.

Mu ba mu da jirgin ƙidaya a Dakoro. Amma muna da ido, muna da ma'aunin ruwa a ƙauyuka da yawa, muna kuma jin hasashen damana da ma'aikatar yanayi ta ƙasa da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke bayarwa kowace shekara ta gidan rediyo.

ƊAN LISSAFI

Wannan misali ne kawai, don a gane. A ce garken zabi 20 ne a dajin ƙauyenku, 10 mata.

Damana ta yi kyau. Mata 6 sun yi nasara, kowace ta rena ƴaƴa 5. An sami 30, garke ya zama 50. Da rani dila da shaho da cuta suka ci 15. Maharba suka ɗauki 12. Saura 23. Iri bai taɓu ba.

Damana ta ɓaci. Mata 2 kaɗai suka yi nasara, kowace da ƴaƴa 2. Garke ya zama 24. Rani ya ci 8, saura 16, tun ba a harbi ko ɗaya ba. In maharba suka ɗauki 12 kamar bara, saura 4. Daga nan ko damana ta yi kyau baɗi, wa zai yi ƙwan?

Ga kuma inda ido ke ruɗin mutum. A shekarar fari, tsuntsayen da suka rage duk suna taruwa wuri ɗaya: bakin tabkin da bai ƙafe ba, ko gefen rijiya inda ake shayar da dabbobi, ko masussuka. Mai wucewa ya gan su jingim, ya ce bana akwai zabi. Alhali na daji guda ne suka haɗu, ga yunwa ta sa ba su gudu da nisa. Shekarar da farauta ta fi sauƙi, sau da yawa ita ce shekarar da ta fi ɓarna.

YADDA ZA KU GANE SHEKARA

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun cikin Satumba da Oktoba, in kuna tafiya gona ko kiwo, ku lura. Zabi nawa kuka gani da ƴaƴa a bayansu? Ƴaƴa nawa ke bin kowace uwa? Ciyawa ta nuna ta zubar da ƙwaya? Tabkuna sun kai ina?

In an buɗe farauta, ku dubi abin da kuka kamo a kwanakin farko. Zabon bana ƙahon kansa ƙarami ne, bai tsaya ba, gashinsa bai gama zane ba. Namijin fakara na bana ƙaiminsa gajere ne, ba shi da tsini. In cikin tsuntsaye goma yawancinsu na bana ne, shekara ta yi kyau. In kusan duka tsofaffi ne, to, iri kuke ci. Sai a tsaya.

SHAWARWARINMU

1. Kada a yi farauta daga saukar ruwan fari har a gama girbi, hukuma kuma ta buɗe.

2. A bar kwashe ƙwan zabin daji. Ku gargaɗi yara masu kiwo. Wanda ya tarar da sheƙa a gonarsa lokacin noma, ya bar mata ɗan tsibirin ciyawa kewaye, ya wuce.

3. In damana ta makara, a jinkirta shiga daji. In ta ɓaci, sarkin baka da maigari su tara maharba a yi shawara, a rage, ko a huta shekara guda.

4. Kada a kafa tarko ko a yi kwanto a bakin ruwan da ya rage shi kaɗai a daji.

5. A bar tuje kwata-kwata.

6. A kiyaye wuta. A taimaka wajen share hanyoyin tare gobara tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.

7. A ci gaba da sassaben zamani, wanda ya faro a jiharmu ta Maradi cikin shekarun 1980. Sabara da kalgo da magarya da kuka bari a gona suna tare iska, suna gyara ƙasa, suna kuma ba fakara wurin ɓuya.

8. In za a yi feshin maganin fara, a bi umurnin malamin gona, kada a wanke kayan feshi a tabki.

9. Mai son naman zabo kowace shekara, ya yi kiwonsa a gida. Ya sa wa kaza ƙwan, ya tsare ƴan tsaki daga raɓa da sanyi, ya nemo musu gara.

Ƴan'uwa, babu manomin kirki da ke daka irinsa ya yi tuwo, ko da yunwa ta matsa. Yakan ɗaure shi ya rataye, don ya san damana na tafe. Zabi da fakarar da suka kai bazara da rai, su ne irin daji. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda, ku tattauna a dandali da wurin sauraron rediyo. Abin da kuka gani a dajinku bana, ku sanar da malamin gona ko ma'aikacin gandun daji mafi kusa da ku.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyashe mu da fari da gobara. Amin.